Hanyar Hawan Kumbo Mai Fiffike Zuwa Falaki

Gabatarwa

Manufar wannan rubutu ita ce a yi bayanin wata matsala wadda ta daɗe tana ci wa masana ƙirar jiragen sama tuwo a ƙwarya. Matsalar kuwa ita ce, in an ƙera jirgi mai fiffike wanda zai tashi daga filin jirgin sama kamar kowane jirgi, ya yi ta hawa har ya shiga kewaya duniya ba tare da ya yar da wani sashe na jikinsa a hanya ba, to wace hanya ya kamata ya bi wajen hawan? Mai karatu yana iya cewa ai sama ɗaya ce, sai a miƙe. Za mu ga cewa a wajen irin wannan jirgi zaɓen hanya shi ne ke yanke hukuncin ko zai isa da kaya, ko zai isa wayam, ko ma ba zai isa ba sam.

Tun da yake Hausa ba ta riga ta tsayar da kalmomin wannan fanni ba, ya kamata a shaida wa mai karatu waɗanda aka zaɓa. Hanyar da tauraron ɗan'adam ke bi yana kewaya duniya za mu kira ta falaki, kalmar da malamanmu masu ilmin taurari suka daɗe da aro daga Larabci. Sassan roka da ake yarwa ɗaya bayan ɗaya in mansu ya ƙare za mu kira su gaɓoɓi, domin roka jere take gaɓa kan gaɓa kamar rake. Jirgin da muke magana a kansa ke nan kumbo ne mai fiffike, mai gaɓa ɗaya. Kalmar mai kuwa ta haɗa abin da ake ƙonawa da iskar oksijin da ke ƙona shi.

Abin da Ake Nufi da Shiga Falaki

Mutane da yawa suna ɗauka cewa kumbo yana zama a sama ne don ya yi nisa da ƙasa har ta daina jansa. A tsawon kilomita 300 kuwa jan da ƙasa ke yi bai ragu da fiye da kashi ɗaya cikin goma ba. Abin da ke riƙe kumbo shi ne gudu. In aka saki dutse, yakan faɗi kimanin mita 5 a sakan na farko. Ita kuma duniya, da yake ƙwallo ce, doronta yakan lanƙwashe ƙasa da kimanin mita 5 a kowace tafiyar kilomita 8. Saboda haka abin da ke gudu a kwance kusan kilomita 8 a sakan, faɗuwa yake yi kullum, amma ƙasa tana ta zame masa, ba ya taɓa cim mata. Gudun da ake bukata a falaki na kusa shi ne kimanin kilomita 7.8 a sakan, watau wajen kilomita 28,000 a awa, ko kuma a ce ninkin saurin sauti sau 25.

In aka auna ƙarfin da ake kashewa wajen ɗaga kilo ɗaya zuwa tsawon kilomita 300, aka gwada shi da wanda ake kashewa wajen ba wannan kilo gudun falaki, sai a tarar na gudun ya ninka na ɗagawar wajen sau goma. Ashe ke nan aikin hawa falaki aikin tara gudu ne, tsawo kuwa ɗan rakiya ne.

Guzuri Mai Cinye Kaya

A shekarar 1903 wani malamin makaranta a ƙasar Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, ya fitar da lissafin da har yau shi ne tushen ilmin roka. A taƙaice lissafin yana cewa gudun da roka za ta samu ya rataya a kan abu biyu: saurin da hayaƙi ke fita daga bayanta, da yawan ninkin da nauyinta a cike ya yi wa nauyinta bayan mai ya ƙare. Wahalar ita ce ninkin nan ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun. Misalinsa kamar falke ne da zai ratsa hamada inda babu ciyawa babu rijiya. In ya ƙara kwanakin tafiya sai ya ƙara harawa da ruwa, in ya ƙara su sai ya ƙara raƙuman da za su ɗauka, su kuma waɗannan raƙuma sai an ɗaukar musu nasu abincin. Tun ana lissafin hajja har a wayi gari ayarin duka guzuri yake ɗauke da shi.

Mafi ƙarfin man da ake amfani da shi, watau haidirojin da oksijin, yana fitar da hayaƙi da saurin kilomita 4.4 zuwa 4.5 a sakan inda babu iska. Gudun da za a tara kuwa, in an haɗa da asarar da ake yi a hanya, ya kai kilomita 9.3 zuwa 9.5 a sakan. In aka zuba waɗannan cikin lissafin, sai a ga cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na nauyin roka mai gaɓa ɗaya dole ya zama mai. Cikin kashi goman da ya rage za a fitar da tankuna da injuna da gangar jiki, in kuma kumbo mai fiffike ne a ƙara da fikafikai da tayoyi da rigar kare zafi ta dawowa. Abin da ya saura bayan duk wannan shi ne kaya. Dalilin da ya sa tun daga tauraron Sputnik na 1957 zuwa yau duk abin da ya tashi daga doron duniya ya shiga falaki sai da ya yar da wani abu a hanya ke nan. Falke mai hankali ba ya ci gaba da ɗaukar salkar da ruwanta ya ƙare.

Roka tana asara ta fuska biyu manya. Ta farko, kowane sakan da ta yi tana hawa a miƙe, jan ƙasa yakan ƙwace mita 9.8 a sakan daga gudun da injin ya bayar, kuma jimlar wannan takan wuce kilomita ɗaya a sakan. Ta biyu ita ce turjiyar iska. Maganin ɗaya shi ne cutar ɗaya: in ta kwanta da wuri don ta guje wa ta farko, sai ta daɗe cikin iska mai kauri, in kuma ta miƙe don ta fita daga iska da sauri, sai jan ƙasa ya ci rabonsa. Duk da haka a wajen roka sulhun bai yi wuya ainun ba, domin iska ba ta amfana mata kome. Takan tashi a tsaye, ta ɗan karkata kaɗan, ta bar nauyinta ya yi ta kwantar da ita sannu a hankali.

Sa'ad da Iska Ta Zama Abinci

Kumbo mai fiffike ya shigo da wata dabara. A injin haidirojin, kowane kilo ɗaya na haidirojin yana tafiya da kimanin kilo 6 na oksijin, watau mafi yawan nauyin man oksijin ne. Ga shi kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar da muke shaƙa oksijin ne, kyauta. Don me jirgi ba zai yi kiwo a hanya ba muddin akwai makiyaya, ya ajiye guzurinsa sai ya shiga inda babu? Daga nan lissafin hanya ya rikice, domin iskar da roka ke gudu ita ce wannan jirgi yake nema, kuma ita ce dai za ta iya hallaka shi.

Ƙarfin bugun da iska ke yi wa jirgi ya danganta da kaurinta da kuma gudunsa, amma gudun ya fi tasiri: in gudu ya ninka sau biyu, bugu yakan ninka sau huɗu. In jirgi ya yi ƙasa da yawa alhali yana sheƙa gudu, bugun ya fi ƙarfin fikafikai da bakin inji. In ya yi sama da yawa, iska ta yi tsinkakke, inji ya rasa abin shaƙa, fikafikai su rasa abin dogara. Gaba kura baya siyaki. Abin da ya rage masa shi ne wani siririn lungu a tsakani, inda yake ƙara tsawo daidai gwargwadon yadda yake ƙara gudu don bugun ya tsaya a wuri ɗaya. A wannan sashe na sama kaurin iska yakan koma rubu'i a kowane hawan kilomita 9 ko kusa da haka. Saboda haka jirgin da ke ninkin sauti sau 3 a tsawon kilomita 18, in ya kai ninki 6 ya kamata a same shi wajen kilomita 27, kuma a wuraren biyu bugun da yake sha ɗaya ne, kamar nauyin ton 5 a kan kowane murabba'in mita. Mai karatu ya lura da irin kwanciyar wannan hawa: an ƙara gudun da ya kusa kilomita ɗaya a sakan, amma kilomita 9 kacal aka hau.

Sai kuma zafi. Iskar da jirgi ya tokara da hancinsa ko ya tsayar a bakin injinsa matsewa take yi ta yi zafi, a ninki 5 takan kai wajen digiri 1,000. Ko da an riƙe bugun iska a wuri ɗaya, zafin da ke shiga jikin jirgi yana ci gaba da ƙaruwa, kusan sau huɗu duk sa'ad da gudu ya ninka. Akwai lokacin da zafi ke karɓe ragamar daga hannun bugu, ya tilasta wa jirgi ya ƙara hawa, inji kuwa ya ƙara yunwa. Har ila yau roka takan ratsa iska cikin minti biyu ko uku, shi kuwa wannan jirgi yakan daɗe a ciki, zafin yana jiƙa shi kamar yadda rana ke jiƙa kwanon rufi.

Daɗin daɗawa, ribar shaƙar iska raguwa take yi. Injin da ke shaƙa yana samun turi ne daga bambancin saurin da iska ta shigo da shi da saurin da ya jefar da ita. Da gudu ya ƙaru sai tazarar ta ƙuntata, har a kai inda turin da ya saura bayan an cire turjiya bai taka kara ya karya ba. Abu ɗaya ne ke taimakon jirgi a wannan mataki: gwargwadon kusantarsa ga gudun falaki, gwargwadon raguwar nauyin da fikafikai ke ɗauka. A rabin gudun falaki rubu'in nauyin ya riga ya sauka daga kansu.

Yadda Ake Neman Hanyar

Irin wannan tambaya, wadda amsarta layi ne sukutum maimakon adadi guda, tsohuwa ce a ilmin lissafi. A 1696 Johann Bernoulli ya ƙalubalanci masana zamaninsa su gano wace gangara ce ƙwallo zai bi daga wuri mai tudu zuwa wani wuri a ƙasa, can gefe, cikin mafi ƙarancin lokaci. Amsar ba miƙaƙƙen layi ba ce. Layi ne mai lanƙwasa, irin wanda ɗigo a bakin tayar keke ke zanawa in tana birgima, an kifa shi. Ƙwallon yakan fara faɗawa da tsini ya tara gudu, sa'an nan ya more shi a sauran tafiyar. Robert Goddard na Amurka ya kawo irin tambayar cikin sha'anin roka a 1919, inda ya nemi sanin yadda za a riƙa ƙona mai don a kai mafi tsawo da mafi ƙarancinsa, ba a kuwa warware ta sosai ba sai a 1951 a hannun Tsien da Evans. A 1956 Lev Pontryagin da almajiransa a Mosko suka kafa ƙa'idar da ta ba da damar sa iyakoki cikin lissafin, misali a ce inji ba ya wuce ƙarfi kaza.

A ganina dabarar da ta fi saukin fahimta, ta kuma fi nuna ruhin matsalar, ita ce wadda Edward Rutowski ya bayyana a 1954. Yaro a kan lilo, in yana ƙasa gudunsa ya fi yawa, in ya kai ƙololuwa gudun ya koma tsawo, amma jimlar ƙarfin ɗaya ce. Haka jirgi yake: tsawo da gudu aljihu biyu ne na dukiya ɗaya, ana iya juye wannan cikin wancan da sauri kuma da arha. Abin da ke da tsada shi ne ƙara jimlar. Don haka a kowane matakin jimla sai a tambaya, a wane haɗin tsawo da gudu ne kilo ɗaya na mai zai fi ƙara wa jirgi ƙarfi? In aka haɗa amsoshin mataki bayan mataki, hanya ta fito.

Hanyar da ke fitowa takan ba matuƙa jirgi mamaki. A farkon shekarun 1960 Arthur Bryson da Walter Denham sun lissafa da kwamfuta yadda jirgin yaƙi samfurin F-4 zai kai tsawon kilomita 20 cikin mafi ƙarancin lokaci. Lissafin ya ce ya hau, sa'an nan ya sunkuyo ƙasa don ya keta shingen sauti, ya tara gudu a kwance, daga ƙarshe ya cilla sama. Aka gwada a 1962, jirgin ya kai cikin kimanin minti biyar da rabi, 'yan sakan kaɗan tsakaninsa da abin da aka lissafa. Dalilin sunkuyon shi ne turjiyar iska takan yi tashin gwauron zabo a daidai saurin sauti, saboda haka gara a ari ƙarfi daga aljihun tsawo a wuce wurin da gaggawa. Ƙwallon Bernoulli ne ya sake bayyana. Irin wannan ɗan sunkuyo ko miƙewa a kwance yakan fito a lissafin kumbo mai fiffike ma, domin wurin keta sauti na daga cikin inda turin injinsa ya fi ƙaranci bisa turjiya.

A yau yawanci yanka hanyar ake yi gunduwa-gunduwa, a ba kwamfuta ikon sauya kusurwar hancin jirgi da ƙarfin inji a kowace gunduwa, a gindaya mata sharuɗɗan bugu da zafi da nauyin da fikafikai za su jure, a ce ta nemo tsarin da zai kai mafi yawan nauyi falaki. Shirin kwamfuta mai suna POST, wanda aka fara rubutawa a 1970 don kumbon Shuttle na hukumar NASA, yana daga cikin tsofaffin kayan wannan aiki. Sai dai kwamfuta tana da hali irin na mai neman tudu mafi tsawo cikin hazo: in ta hau wani ɗan tsauni ta ga ko'ina gangara ne, sai ta ce ta iso. Shi ya sa ake fara ta daga wurare dabam-dabam, ana kuma ba ta hanyar Rutowski ta zama mafari.

Misalin Skylon

Ƙirar da aka fi yi wa wannan lissafi a bainar jama'a ita ce Skylon, ta kamfanin Reaction Engines na Ingila, wanda Alan Bond da abokansa biyu suka kafa a 1989 bayan gwamnati ta janye hannu daga shirin HOTOL a 1988. Injinta, SABRE, an tsara shi ya sanyaya iskar da ya shaƙa kafin ya matse ta ya ƙona haidirojin da ita, har zuwa ninkin sauti kusan 5.5 a tsawon kilomita 26 zuwa 28. A nan sai ya rufe baki ya koma roka, jirgi ya ɗaga hanci ya fita daga iska, a kashe inji tun ana ƙasa da falakin da ake nufi, a bar gudu ya kai shi ƙololuwa, sa'an nan a ɗan kunna ƙaramin inji a daidaita kewayar. A ɗaya daga cikin zanen farko nauyin tashi ton 275 ne, mai kusan kashi 80 cikin ɗari, kaya ton 12.

Gudun da ake samu ta shaƙar iska a nan bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na gudun falaki ba, wanda za a iya rainawa. Amma saukowa daga kashi 90 zuwa 80 na nufin abin da ya rage wa jiki da kaya ya tashi daga goma zuwa ashirin, ya ninka ke nan. Masu wannan ƙira sun zaɓi su bar iska da wuri da gangan. Amurkawa kuwa, a shirin X-30 da Shugaba Reagan ya yi shelarsa a 1986, sun so su ci gaba da shaƙa har kusa da gudun falaki, da injin da ke ƙona mai cikin iskar da ba a rage mata gudu ƙasa da sauti ba. Hanya biyu ke nan masu bambanci ƙwarai, kowace kuma da jirgin da take bukata. Inda za a rufe baki a koma roka shi ne mafi nauyin hukunci a duk lissafin, domin shi ke ƙayyade girman tankin oksijin, da kaurin rigar zafi, da fasalin inji. Su kuma waɗannan in sun sauya, nauyi da turjiya sun sauya, hanya mafi kyau ta koma wata. Ba a iya gama ƙera jirgi sa'an nan a nema masa hanya, tare ake neman su, ana zagayawa har su daidaita.

Ga ɗan lissafi da zai nuna abin da ke kan faifai. Bisa ƙa'idar Tsiolkovsky, ƙarin asarar mita 100 a sakan yana rage nauyin da ya isa falaki da kashi 2 da ɗoriya cikin ɗari. In nauyin da ke isa ya kai ton 55, asarar ta wuce ton ɗaya. Jikin jirgi ba ya raguwa, saboda haka daga kaya za a cire ta duka. Watau kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a hanya yana cinye kashi goma cikin ɗari na kaya. Ta wannan ma'auni za a gane darajar juyawar duniya, wadda ke ba wanda ya tashi daga tsakiyarta ya nufi gabas kyautar mita 465 a sakan. Ga irin wannan jirgi kyautar ta kai ton biyar zuwa shida, kusan rabin kayan. Wanda zai bi falakin da ke ratsa ƙuryar arewa da ta kudu ba ya samun ko anini daga ciki.

Raunin duk wannan lissafi shi ne ingancinsa bai wuce ingancin alƙaluman da aka zuba masa ba, alƙaluman injin da ke shaƙa a irin wannan gudu kuwa kaɗan ne aka auna a sarari. An soke shirin X-30 a farkon shekarun 1990 ba tare da an ƙera jirgin ba. Ɗan ƙaramin jirgin gwaji X-43A ya kai ninki 9.6 a watan Nuwamba na 2004, amma injinsa wajen sakan goma kawai ya yi yana ci. Kamfanin Reaction Engines ya nuna a 2019, a gwajin ƙasa a jihar Kolorado, cewa na'urar sanyayawarsa tana iya jure iska mai zafin ninki 5, amma kuɗi suka ƙare masa, ya durƙushe a ƙarshen Oktoba na 2024 kafin a tayar da cikakken injin. A tsakanin haka, tun daga Disamba na 2015 roka Falcon 9 ta fara dawo da gaɓarta ta farko ta sauka a tsaye, daga 2017 kuma aka shiga sake tashi da gaɓoɓin da suka dawo. Wannan ya rage ƙarfin babbar hujjar masu gaɓa ɗaya, domin an nuna ana iya ajiye salkar a hanya a dawo a ɗauka. Gaɓa biyu tana yafe kuskure: in jiki ya ɗan fi nauyin da aka zana, kaya ya ragu kaɗan. A gaɓa ɗaya kuwa, jirgin da jikinsa ya kai ton 40 da ɗoriya, in ya yi ƙiba da rubu'i tsakanin takarda da maƙera, ton goman nan daga cikin ton 12 na kaya za a fitar da su.